Sawun Umma a Kan Dutse na Sha Bakwai

Asabar, 27 ga Yuni, 1998

Kwana huɗu ke nan ruwa ya shanye waf. Baba ya ce tun zuwanmu Guangzhou bai taɓa ganin kogin ya cika haka ba. Shi takalman da ya saro a Zhanxi Lu yake tunani, suna jibge a sito, ba jirgin da zai kai su Hong Kong. Ni ƙafar Umma nake tunani.

Bari in rubuta yadda abin ya faru, ko da ruwa zai tafi da ita.

Waf ɗin wata tsohuwar gada ce ta dutse, can hanyar Huangpu. Ta miƙe cikin kogi ba ta kai ko'ina ba, sai dai ƙananan jirage su raɓe ta a loda musu kaya. Dogayen duwatsu aka shimfiɗa a kan ginshiƙai, ruwa na wucewa ta ƙarƙashi. In aka ƙirga daga tudu, na sha bakwai ya lotsa a tsakiya saboda takun mutane. Bara waccan aka cike lotsawar da siminti, ranar kuwa mun raka Baba. Iska ta fizge gyalen Umma, ta bi shi da gudu, takalminta na hagu ya fita, ta dira a ɗanyen siminti. Magina na ta ihu, ita tana ta dariya tana ce musu "shiye-shiye", don na gode kaɗai ta iya da Sinanci. Su ma suka sa dariya. Ba wanda ya koma ya shafe.

Ƙafar hagu. Ƙaramin yatsan ya ɗan karkace waje, irin nawa.

Bayan wata goma ta tafi Kano haihuwa, gidansu. Ba ta tashi ba, ita da jaririn. Kafin waya ta same mu an riga an kai su. Ban ga likkafani ba, ban san inda kabarin yake ba. Hotonta ɗaya ne, na fasfo, ta ɗaure fuska a ciki. Ba ita ba ce.

Wannan sawun shi ne ita tana dariya.

Talata, 30 ga Yuni

Ruwa bai janye ba. Na sake karanta littafin da kawu ya aiko daga Kano, karo na uku. Ban san me na karanta ba.

Lahadi, 5 ga Yuli

Ƙafar tana nan! Alhamdu lillahi.

Laka ta rufe ko'ina. Na ari butar Tsoho Liyang mai gadin waf, na wanke, na goge tsakanin yatsun da gefen gyalena. Tsohon yana tsaye da sigarinsa. Shi kaɗai ya san abin da ke kawo ni duk Asabar, don yana wurin ranar da abin ya faru.

Amma waf ta ji jiki. Ginshiƙi biyu sun tsage, katangar duwatsun da ke tare mata igiyar ruwa ta zube daga can ƙarshe, kamar bakin tsohuwa.

Baba ya wuce ni ta dama, ta gefen ƙarfe, yana duba takardunsa. Kullum ta nan yake bi. Ko sau ɗaya ban taɓa ganin ya kalli ƙasa ba. Wata goma sha shida kacal, har ya manta?

Asabar, 18 ga Yuli

Gwaggo Rekiya ta gano. Yayar Baba ce, daga Ghana ta zo riƙe mana gida, ba abin da ke wuce idonta. Ta ɗaga gyalena a wurin wanki.

"Wannan lakar fa, Hamdiya? Noma kika fara?"

Na gaya mata. Da ma ban faɗa ba.

"A'uzu billahi! Dutse kike kai wa ziyara? Mu da muke dariyar mutanen garin nan suna ƙona wa matattu takarda?"

Na ce ni ba roƙonsa nake ba, kallo kawai nake.

"Littattafan nan ne suka jiƙa miki kai. In addu'a ce, daga kan darduma tana isa Kano, ba ta bukatar biza."

Gaskiyarta. Amma darduma ba ta da ƙaramin yatsa.

Asabar, 8 ga Agusta

Zafi kamar a tukunya. Baba na can suna gardama da mai jirgi, Tsoho Liyang ya kira ni inuwa, ya zuba mini shayin nan nasu marar sukari. Rabin maganarsa nake ji, don Sinancina na talabijin ne da na masu kayan miya, nasa kuwa na mutanen kogi ne. In na kasa, sai ya rubuta shekara da yatsa a tafin hannunsa.

Ya nuna mini waf kamar mai nuna zuriyarsa. Baƙaƙen kututturan da ke leƙowa in ruwa ya ja baya, waɗannan su ne ta farko, ta itace, zamanin kakan kakansa. Gara ta ruwa ta cinye ta. Sai fataken ganyen shayi suka haɗu suka kawo dogayen duwatsu daga tsauni, a jirgi, ɗaya-ɗaya. Daga na ashirin zuwa na ashirin da shida launinsu ya bambanta, sun fi fari, wai nan bam ya faɗa lokacin yaƙi, uwarsa tana cikin matan da suka ja sababbin da igiya. Can ƙarshe siminti ne zalla, shi da kansa ya kwaɓa yana saurayi. Katangar taren igiya kuwa sau biyar ana ɗaga ta a saninsa.

Na ce, wato ba a taɓa gamawa ba?

Ya yi dariya har da tari. Ya ce kogi bai gama ba, don me su za su gama?

Sannan ya ce in ruwan sama ya ɗauke za a yi babban gyara. Ya faɗa yana kallon kofinsa.

Asabar, 12 ga Satumba

An zo aunawa. Wani injiniya saurayi, farar hular kwano, farar riga, biro uku a aljihu. Dogo. Da ya juyo gabana ya faɗi, na ja gyale, ban san dalili ba. To, na sani.

Mutum biyu na bin sa da gwangwanin jan fenti. Ya ƙwanƙwasa dutse da guduma, ya saurara, in bai yi masa ba ya ɗaga yatsa, a zana jan kuros, layi biyu a gicciye.

Na sha bakwai ya samu ja. A kan diddigen ma fentin ya ɗiga.

Tsoho Liyang ya ce masu ja farfasa su za a yi, a zuba cikin katangar ruwa a cike inda ta zube. Ba a zubar da dutse a nan, in ji shi, wai kamar yana lallashina.

Za su sa wa ƙafar Umma guduma.

Litinin, 14 ga Satumba

Na rubuta wa injiniyan wasiƙa, shafi biyu. Na fara da "Ya kai ma'abocin tausayi". Sai da na gama na tuna da Hausa na rubuta.

A littafi da tuni ya dube ni sau ɗaya ya karanta abin da ke zuciyata. Ya ɗaga hannu, guduma ta tsaya a sama.

Na yayyage.

Asabar, 19 ga Satumba

Kwana biyar ina haddar jimla ɗaya ta Sinanci a gaban madubin banɗaki: lawban (wato maigida), don Allah kar a fasa wannan dutsen.

Na tsaya a bayansa ya fi minti goma. Yana sakace. Da ya juyo na ce "Lawban", sauran ta maƙale a wuya. Ya dube ni sama da ƙasa, ya kaɗa hannu, "Meyo, meyo." Babu, babu. Ban ma roƙi komai ba tukuna. Ya tofar da tsinken a kogi, ya wuce.

Haƙoransa ma ba su da kyau.

Na yi kuka a bayan sito, amma ba don shi ba. Don bakina. Umma da kalma ɗaya take sayo kifi a rage mata, har a ƙara mata albasa. Ni ina da ɗari biyar, sun mutu a cikina.

Juma'a, 9 ga Oktoba

Yau Baba ya yi doguwar magana a kan abinci, abin da ya daɗe bai yi ba. Gwaggo ce ta ja shi, tana mitar gyaran waf zai tsayar da kaya.

Ya ce gyaran bakin ruwa ba a yi masa gaggawa. Ya ce babansu, Kaka Maidaji, da ƙafa ya sauko daga arewa yana saurayi, ya shiga leburancin katangar teku a garinsu can Ghana. Jirgin ƙasa ya kawo dutse daga daji, su tura cikin teku, teku ta haɗiye, gobe su sake turawa. Shekara biyu kafin kan dutse ɗaya ya leƙo sama. Wata rana dutse ya danne masa hannu.

"Yatsun kakanki biyu suna cikin katangar nan har yau."

Gwaggo ta ce, "In ya kai mu bakin teku sai ya ɗaga guntun hannun ya ce, ku gai da 'yan'uwanku."

Suka yi dariya su biyu. Na buɗe baki in ce Baba, sun sa mata ja. Ga maganar a kan harshena. Sai ya miƙe wanke hannu.

In na faɗa ya ce "wace ƙafa?" fa? Wannan nake tsoro, ya fi gudumar.

Asabar, 24 ga Oktoba



Masu aikin dutse sun iso, yawancinsu mata ne, da faffaɗar malafa da ɗankwali a ƙarƙashi. Shugabarsu wata gajeruwa mai haƙorin zinare, A-Fong, muryarta har tsallaken kogi. Maza ma tsoronta suke. Na ce wannan kam ko kusa.

Tsoho Liyang ya turo ni ta baya da sandarsa. Wallahi turo ni ya yi.

Jimlar ta sake gudu. Sai kawai na cire takalmina na hagu, na sa ƙafata a cikin sawun. Ban taɓa yi ba, ko da wasa. Ya yi mini daidai, har ƙaramin yatsan ya faɗa gurbinsa. Sanyi. Na ce "Mama." Na nuna sama. Sannan sauran ta fito da kanta, da ƙarfi har matan suka juyo: "Kar a fasa!"

A-Fong ta tsuguna. Ta dubi ƙafata, ta dubi fuskata. Ta ƙwanƙwasa dutsen ta ko'ina, ta kwanta rub da ciki ta leƙa ƙarƙashinsa, ta daɗe. Ta tashi ta yi wa injiniyan wata tsawa daga nesa, ya ɗaga kafaɗa. Ta karɓi farin fenti, ta shafe jan kuros ɗin, ta zana wata lanƙwasasshiyar kibiya kamar jinjirin wata.

"Ba za a fasa ba," ta ce. Ta dafa ƙirjinta. Wannan na ji shi sarai.

Na ce shiye-shiye ya fi sau goma, kamar Umma.

An rufe waf sai bayan wata guda. Na yi nafila raka'a biyu. Gwaggo ta ce yau kuma wa ya yi miki albishir, ko a littafin an ɗaura auren?

Asabar, 21 ga Nuwamba

An buɗe.

Na ƙirga daga tudu. Sha biyar, sha shida, sha bakwai. Fes. Sumul kamar allon da aka wanke. Na koma na sake ƙirgawa. Na ƙirgo daga ƙarshe. Na bi su ɗaya-ɗaya har inda siminti ya fara.

Babu.

A-Fong ta hango ni, ta taho tana murmushi da haƙorin zinarenta, ta buga dutsen da ƙafa, ta kifa tafin hannunta ta nuna mini. Tana jira in yi murna. Ban gane ba, ban tsaya ganewa ba. Na ce mata maƙaryaciya, da Hausa, na ruga. Ban san a gaban Baba na wuce ba sai da na ji ya kira sunana.

Lahadi, 22 ga Nuwamba

Yau ne Umma ta rasu. Wancan na bara labari ne kawai aka ba ni a waya.

Laraba, 25 ga Nuwamba

Kwana uku ban fita daga ɗaki ba sai alwala. Gwaggo ta kawo koko da ƙosai, ta zauna a bakin gado. Na jira wa'azi. Sai ta ce, "Sha da zafinsa." Can ta ce, "Ni ma zanen uwarmu yana ƙasan akwatina, shekara ashirin ban wanke ba. Kar ki gaya wa ubanki." Ta fita.

Da la'asar Baba ya dawo da wuri daga ofis a Xiaobei. Bai shigo ba, a bakin ƙofa ya tsaya.

"Hamdiya. Matar nan ba ta yi miki ƙarya ba."

Na juya fuskata bango.

"Kifa shi suka yi. Haka masu dutse ke yi ko'ina, har can gida. In fuska ta cinye, a juya, bayan ya zama fuska. Farar kibiyar ke nan. Kin ce kar a fasa, ba ta fasa ba. Ko simintin ba ta kankare ba, alhali ƙa'ida a kankare."

Na ce, da na sani da na ce a bar shi yadda yake.

"Ba za su bari ba. Ya lotsa, amalanke na tuntuɓe a kai. Ko katanga, ko kifawa." Ya ƙara da cewa, "Da kin gaya mini, da na faɗa miki tun ranar, ba ki yi wata guda kina murna ba."

Na ce ai na ɗauka ka manta da shi.

"Na sha bakwai?"

Ban taɓa gaya wa kowa lambar ba. Ko Gwaggo.

Ya ce, "Shekara biyu ina zagaye dutsen nan kamar rijiya, ke ba ki gani ba?" Sai ya ciro wata 'yar takarda daga aljihu, ta lokutan cikar ruwa da janyewarsa, wadda masu jirgi ke amfani da ita. Ya ja layi a ƙarƙashin wata rana. "Asabar ta sama. Ki sa kayan da ba kya so."

Asabar, 5 ga Disamba

Ruwa ya ja baya sosai, har baƙaƙen kututturan waf ta farko sun fito tsirara. Tsoho Liyang ya kawo ƙaramin kwalekwalensa. Muka shiga mu uku, Baba da babbar rigarsa a naɗe, yana ta bismilla, ashe tsoron ruwa yake, ɗan leburan teku guda.

Ƙarƙashin waf duhu-duhu, wari, ruwa na ɗiga. Dole muka kwanta rigingine a cikin jirgin, tsohon na tura mu da hannu daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi. Daga ƙasa duk gyare-gyaren a fili suke: ƙarfe ya ɗaure wani, an cusa wa wani itace, wani an rubuta masa shekara. Sama ce kawai take sumul.

Baba ne ke ƙirgawa a hankali. Da ya ce sha bakwai, tsohon ya riƙe ginshiƙi.

Tana nan. A samanmu, kamar tsawon hannu. Hasken ruwa na wasa a kanta, har ɗigon jan fentin yana diddige. Kamar ta taka rufin duniya ta wuce.

Baba ya miƙa hannu ya sa tafinsa a ciki. Ya daɗe. Ya ce, "Ni na saya mata takalmin nan, ya yi mata yawa. Ta ce in mayar, na ce gobe." Ya yi mata addu'a da jaririn, na ce amin. Ya goge fuska, ya ce ruwa ne ke ɗigo masa.

Na tambayi Tsoho Liyang ko za ta dawwama a nan. Ina so ya ce e. Ya ce rana ba za ta ci ta ba, ƙafa ba za ta ci ta ba. Amma gansakuka da 'yan ƙananan katantanwa za su rufe ta. Shekara uku, ko huɗu.

Na fassara wa Baba. Ya ce, "To."

Ruwa ya fara dawowa, dole muka fito.

Su A-Fong sun riga sun koma wani aikin, can ƙasan kogi. Ban ba ta haƙuri ba. Na ce wa matar da ta cika alkawari maƙaryaciya, kuma ba zan sake ganinta ba. Wannan ma ya zauna mini a ƙirji, kusa da ɗayan.

Asabar, 19 ga Disamba

Gobe ko jibi azumi. Gwaggo ta ba ni jerin abin da zan sayo, ta ce tunda bakina ya buɗe har ina zagin magina, to in je in yi mata ciniki. Na samo citta da kanumfari, gero kuwa meyo. Na sa mai kifi ta rage, har ta ƙara mini albasa. Ban san lokacin da na yi ba.

Mun biya waf da Baba. Yau ma ruwa ya janye, na gani a takardarsa tun shekaranjiya. Tsoho Liyang ya nuna mini kwalekwale da haɓa. Na ce sai wani karon, kifi zai lalace. Gaskiya ne ai, zai lalace.

Na bar wa tsohon saƙo, in ya ga mai jirgin da ke zuwa inda su A-Fong suke. Kalma biyu ce, ta ban haƙuri. Na maimaita masa sau uku don kar ya ɓata.

Da za mu tafi Baba ya bi ta dama, ta gefen ƙarfe, yadda ya saba. Ni na tsaya a na sha bakwai. Babu kowa kusa. Na cire na hagu, na taka daidai tsakiya. Dutsen ya sha rana, da ɗumi. Tafin ƙafata a sama, nata a ƙasa, kaurin dutse ɗaya tsakaninmu.

Ban yi kuka ba. Wataƙila don iska ce, tana busar da ido.

Baba ya juyo ya ce in yi sauri. Na sa takalmi na bi shi, ta tsakiya.